Bargon Iyatu da Mai Ɗinkin Tamfol

Sau huɗu ke nan Iliassou yana kai zare bakin kafar allura, zaren yana lanƙwashewa. Ya lashe shi, ya murza, ya ɗaga allurar sama ya runtse ido ɗaya. Zaren ya sake kaucewa.

"Kawo nan," in ji mahaifiyarsa.

Iyatu ko kai ba ta ɗaga ba. Ta karɓi allurar, ta lalubi kafar da babban yatsa, ta kai zaren baki, kafin ya gyara zama har ta zura, ta ƙulla, ta miƙo masa. Wannan fa ita ce matar da yanar ido ta rufe wa idanu biyu, wadda a watan jiya ta tsaya ta gai da buhun gawayi a ƙofar gida, har da tambayarsa ya yara.

"Mai idanu ke nan," ta ce. "Shekara ashirin ana ce mana kana ɗinki a Parakou. Ashe yawo kake yi."

Ba yawo yake yi ba. Duk direban kamyo, wato babbar motar kaya, da ke lodi a Gare, babbar tashar Parakou, ya san rumfar Iliassou, domin shi ne mai ɗinkin tamfol. Sai dai allurarsa basilla ce, zarensa kuwa ko akuya aka ɗaure da shi ba ta tsinkawa. Tafin hannunsa ya yi kanta, yatsunsa sun yi kauri, 'yar allurar Inna sai ɓacewa take yi a tsakaninsu.

Abin da ya taso shi da motar farko ranar Lahadi, a tsakiyar damina lokacin da aiki ya fi yi masa yawa, shi ne gobe Litinin ƙarfe bakwai na safe za a yi wa Iyatu aikin ido a Parakou. Karo na uku ke nan ana sa mata rana. A na farko ta ce ba ta zuwa ko'ina sai ta gama haɗa ƙyallayen bargonta. A na biyu ta ce saura ta yi masa ciki da baya. Likitan ya gaya wa Iliassou ba ɓoye-ɓoye cewa yanar tana ƙara tauri, kuma in aka sake saɓawa ba zai ƙara ajiye mata wuri ba sai baɗi. Iliassou ya yi lallashi ta waya, ya yi fushi, ya turo matarsa, ya sa limamin unguwa ya yi mata magana. Amsa guda kowa ya samu: sai bargo ya ƙare. To, shi ne ya rufe rumfa ya zo Djougou a ƙare bargon.

Ga shi nan shimfiɗe a kan tabarma biyu a inuwar tsakar gida. Shekara huɗu tana ɗinka shi da hannu, ƙyalle bayan ƙyalle, kowanne bai fi tafin hannu ba. Akwai atamfa, akwai shadda, akwai leshi nan da can, galibi ragowar ankon bukukuwa da sunaye da ta riƙa karɓowa daga wurin teloli. Ta sa tsofaffin zannuwa uku a ciki don ya yi nauyi, ta yi masa baya da shuɗin yadi. Abin da ya rage shi ne a kalmashe bakinsa gefe huɗu.

"Massaoudou direba zai riƙe mana kujerar gaba har ƙarfe huɗu da rabi," in ji Iliassou. "Motarsa ce ta ƙarshe da na yarda da ita. Ke ki ɗauki gefe guda, ni in ɗauki uku."

"Ka ji shi, Halimatou? Wai uku."

Gwaggo Halimatou, ƙanwar marigayi mahaifinsa, tana kan kujera 'yar tsuguno tana feraye doya. Ta yi shekara goma sha biyu a gidan nan tare da Iyatu, kullum suna faɗa kan gishirin miya, kuma ko kwana ɗaya ba sa iya rabuwa.

"Bar shi ya gwada, Yaya," ta ce. "Ni dai yau ba na zuwa kasuwa. Ga kallo ya zo mini har gida."

Suka fara. Iliassou ya duƙufa, ya yi ɗinki mai tsawon kamu ɗaya, ya ji daɗin kansa. Iyatu ta miƙo hannu ta bi layin da yatsa.

"Baban Khalida." Haka take kiransa, don shi ne ɗan farinta, ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wannan ɗinki ne ko shingen gona? Kaza za ta iya wucewa ta tsakaninsa. Farke."

Ya farke. Ya sake, ta sake cewa ya farke. A karo na uku ta ce babu laifi, wanda a bakin Iyatu yabo ne babba. Iliassou, mutum mai shekara arba'in da biyar da 'ya'ya huɗu, ya ji wani daɗi ya ratsa shi har ya ji kunyar kansa.

Hannunta na tafiya, bakinta na tafiya. Duk ƙyallen da yatsanta ya taɓa ta san shi ba sai ta gani ba. Wannan mai santsi rigar Sallar mahaifinsa ce ta ƙarshe. Wancan mai kaushi a tsakiya saƙi ne daga rigar kakanta, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja da jakuna. Wannan rawaya mai tsuntsaye na sunan Khalida ne.

"Wannan fa?" Ya nuna wani ƙyalle mai launin ƙasa, ya ɗora yatsanta a kai.

"Kakin makarantarka. Shi ne ya fi kowane ƙyalle sabunta a bargon nan, don wata uku ka sa shi ka gudu."

Gwaggo Halimatou ta yi dariya har wuƙa ta faɗi daga hannunta. Ta share ido da gefen zane ta ce masa ya duba gefen hagu. Ya ga koren can da jan can, da farin ƙyalle a tsakaninsu? Koren na Tambaya ne mai ƙosai, jan na matar mai gidan bulo, kuma su biyun ba sa ga-maciji tun wani biki da aka yi rikici kan kujera.

"Sai da Yaya ta sa musu fari a tsakani."

"To in haɗa su kafaɗa da kafaɗa, in rufa, su hana ni barci?" in ji Iyatu.

Wajen hantsi allurar farko ta karye a hannun Iliassou. Kafin azahar ta biyu ta lanƙwashe. Bargon mai kauri ne, shi kuma hannunsa bai san tura abu a hankali ba. Allura ɗaya ta rage a gidan, kuma tana hannun Iyatu. Ya duba agogon wayarsa, ya duba bargon. Inna ta kusa gama gefenta, shi kuwa ko gefe ɗaya bai cika ba.

Suka yi salla, suka ci wasa-wasa da soyayyen wagashi, cukun Fulani. Da suka dawo kan tabarma, Iliassou ya laluba aljihun rigarsa ya fito da 'yar jakar fata da ba ya rabuwa da ita, ya zaro mafi ƙanƙantar basillarsa. Ya ninka baƙin zaren Inna gida huɗu ya zura a tashi ɗaya. Gwaggo Halimatou ta gani. Ya ɗora yatsa a leɓe. Ta kau da kai, ta shiga bayar da labarin tsadar tumatir da murya sama-sama.

Yanzu ne aiki ya tashi. Ya ninka bakin yadi sau biyu, ya danne da babban yatsa, basilla na shiga na fita. Ya yi ƙoƙari ya ƙanƙanta ɗinkin iyakar iyawarsa, kuma a gaskiya layin ya miƙe sak, don Iliassou bai taɓa yin karkataccen layi ba a rayuwarsa. Ƙarfe biyu da rabi ya gama gefe na biyu. Ƙarfe uku da kwata yana tsakiyar na uku, har yana 'yar waƙa a maƙogwaro.

Iyatu ta ji saurin ya yi yawa. Ta gama gefenta tun ɗazu, ta zauna tana juya allura a hannu. Can ta miƙe ta shiga ɗaki tana dafa bango, ta fito da wani ƙunshi ta kwance a kan tabarma. Ƙyallaye ne, sun kai ɗari.

"Na manta da waɗannan," ta ce. "Bargon bai kai tsawo ba. Sai an ƙara layi biyu ta ƙasa. Ka farke gefen can, mu ƙara. Randebun, ranar aikin idon nan, sai ka ce wa dokotoro ya ɗaga."

"Inna, bargon nan ya isa ya rufe mutum uku."

"Ni na san tsawon ƙafata."

"Haba Yaya," in ji Gwaggo Halimatou. "Ke da ƙafarki ba ta kai ƙasa in kin hau zem, babur ɗin haya."

Ba wanda ya yi dariya. Iliassou ya ji ransa ya ɓaci, ya buɗe baki zai faɗi duk abin da ya saba faɗa, cewa aikin bai kai rabin awa ba, cewa tsofaffi da yawa an yi musu sun koma gida suna tsince shinkafa. Sai ya ga mahaifiyarsa tana ta juya ƙyallayen, tana ɗauka tana ajiyewa, ba ta zaɓi ko ɗaya ba. Ya rufe bakinsa, ya sunkuyar da kai kan ɗinkinsa.

"Inna, gaya mini gaskiya. Ba tsawo ba ne."

Ta ajiye allurar a kan tabarma.

"Ranar da na fara bargon nan," ta ce, "na je kasuwa ne na sayo zare kore, na dawo Halimatou ta ce shuɗi ne. Sai na ce bari in tattara launukan nan wuri guda tun ina ganinsu. Yanzu fuskarka ba na gani, Baban Khalida. Amma ina ganin ja. In rana ta fito ina ganin rawaya. Na san inda ƙofa take. In na je suka sa wuƙa, ɗan wannan da ya rage ya tafi fa? Tsoro nake ji. Muddin bargon bai ƙare ba ina da abin cewa."

Iliassou bai ɗago ba. Idanunsa sun cika, kuma ba ya so Gwaggo ta gani.

"Ni ma tsoron nake ji, Inna," ya ce. "Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Amma in aka bari, jan da rawayan ma tafiya za su yi. Shi ya fi ba ni tsoro."

Yana magana hannunsa yana tafiya da kansa. Hankalinsa na wurin uwarsa, yatsunsa kuwa sun koma Gare. Suka kai ƙarshen layi, suka iso kusurwa ta ƙarshe, suka yi abin da suka saba yi wa kowace kusurwa shekara ashirin. Ya naɗe ta gida uku, ya danne da ɗinki biyu, ya ɗauki almakashi ya soka tsininsa ya juya, ya zagaye hujin da zare tsaf, ya ƙulla, ya gatsa zaren da haƙori.

"Ya ƙare," ya ce da wata murya da ba tasa ba.

Iyatu ta ja numfashi. Ta jawo bargon kan cinyarta.

"Ni zan ce ya ƙare. Bari in duba."

Ta fara bin bakin da yatsu, a hankali, kuma duk su ukun sun san laifi take nema. Ta bi gefen farko. Ta shiga na biyu, ta tsaya, ta matsa kalmasar tsakanin yatsu.

"Wannan ba allurata ba ce."

"Basilla ce, Inna. 'Yar ƙarama."

"Ruwa dai ba zai shiga ba," ta ce, ta ci gaba.

Ta bi gefe na uku har ƙarshe. Ta kai kusurwa. Ɗan yatsanta ya shige cikin hujin ya fito ta baya.

Sai a lokacin Iliassou ya ga abin da ya yi. Ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Huji ne zagayayye, gyararre, irin wanda ake zura igiya a ɗaure tamfol a jikin mota. Kuma ba a kan kowane ƙyalle ya huda shi ba sai a kan wani ja mai ɗigon fari, wanda ya koɗe don tsufa.

Gwaggo Halimatou ta leƙo ta kama baki.

"Yaya, zanen aurenki ne."

"Na sani," in ji Iyatu. "Shi ke nan abin da ya rage daga cikinsa."

Shi ke nan, in ji Iliassou a ransa. Ta wuni tana neman dalili, ga shi ya ba ta da hannunsa, dalili na gaske wanda ko liman ba zai musa ba. Aka kira la'asar a masallacin unguwa. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya san Massaoudou ne, ya ƙi ɗauka.

Iyatu ta ɗaga hannu sama, bargon na rataye a ɗan yatsanta. Ta karkaɗa yatsan.

"Baban Khalida."

"Na'am, Inna."

"A bayan kamyo za a ɗaure ni?"

Gwaggo Halimatou ce ta fara. Ta yi ƙoƙarin riƙewa, abin ya fito mata ta hanci. Sai kafaɗun Iyatu suka fara girgiza, ta kife a kan bargon tana dariya, irin dariyar da Iliassou bai ji ta yi ba tun rasuwar mahaifinsa. Ta ɗago za ta yi magana, yatsanta ya sake motsi a hujin, ta sake kifewa. Shi ma bai san lokacin da ya shiga ba, hawayen ɗazu da na yanzu suka haɗu yana sharewa da bayan hannu.

"Ɗaya ne ko huɗu?" ta tambaya da ƙyar.

"Ɗaya ne, wallahi."

"Allah ya taimake ni da ban bar maka duka ba. Halimatou, gaya mini yadda yake."

Gwaggo Halimatou ta matso ta karɓi kusurwar tana juyawa.

"In faɗi gaskiya? Kyakkyawa ne. Zagayen ya yi daidai kamar bakin kwalba. Baƙin zare a kan ja, ba inda ya kuskure. A duk bargon nan ba inda ɗinki ya kai shi kyau. Gobe in na gaya wa Tambaya, unguwar nan kaf sai ta zo kallo."

"Ba inda ya kai shi kyau," in ji Iyatu. "Kin ji bakinki?"

Ta karɓe kusurwar, ta kai ta dab da idonta na dama. Ta juya wajen haske. Ta mai da ita idon hagu, ta matsar, ta nisantar. Dariyar ta ragu a fuskarta kaɗan-kaɗan.

"Jan kawai nake gani," ta ce.

Iliassou ya matso da gwiwa, ya ɗauki almakashi.

"Kawo, Inna. Yanzu zan warware zaren in yi masa faci ta baya. Ba wanda zai san an taɓa. Ki yi haƙuri, ban san lokacin da na yi ba."

Ya kai hannu, ta buge masa shi, bugu mai kyau, irin na lokacin da yake satar ƙuli-ƙuli a faranti.

"Kada ka taɓa."

"Inna, minti goma ne."

"Na ce kada ka taɓa. An yi mini ɓarna a bargona, Halimatou ta gani, Tambaya za ta gani, har matar mai gidan bulo za ta zo ta gani ta yi dariya, ni mai bargon in zauna ana ba ni labari? Ba wanda zai farke shi sai na gan shi da idona."

Iliassou ya tsaya da almakashi a hannu. Ya dubi Gwaggo Halimatou. Ita har ta miƙe, ta shige ɗaki, ta fito da jakar tafiya, wadda ashe tun shekaranjiya ta shirya ta ta tura ƙarƙashin gado.

Suka yi la'asar a gurguje. Iliassou ya kira Massaoudou ya ce suna hanya, ya tare zem biyu a bakin titi. A tasha direban ya miƙo hannu zai ɗora bargon a saman mota tare da buhunan doya, Iyatu ta rungume abinta ta ce a cinyarta zai zauna. Aka matsa mata a kujerar gaba, Iliassou ya takure a gefenta, kafaɗarsa ɗaya a waje.

Motar ta fita daga Djougou ta kama hanyar Parakou. Gonaki sun yi kore shar a gefen hanya, ya san ba ta ganinsu sosai. Ya lura leɓunanta na motsi da addu'a, kuma tsoron yana nan bai tafi ba, don ta riƙe masa gefen riga da hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana kan bargon.

Sun wuce ƙauye biyu kafin ta yi magana.

"In sun buɗe mini idon, zan duba gefe ukun nan naka ɗinki bayan ɗinki. Duk inda ban yarda ba za ka zauna a gabana ka farke ka sake, da allurata."

"Zai ɗauki sati biyu, Inna."

"Ko wata ne. Kana da wani wurin zuwa?"

Yana da tamfol goma sha ɗaya da ke jiransa a Gare, da direbobi da za su cika masa kunne tun gobe da safe.

"Babu," ya ce.